Ƙafar Malam ta Hagu

Ƙofar Jatau, Zariya
3 ga Yuni, 2020

Zuwa ga Gwaggo Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da aiki, da fatan kina lafiya a Lakwaja. Kakata Inna tana lafiya, Baffa Kabir da iyalinsa ma haka. Na ba Malam Dogara mai motar albasa takardar nan, don ya ce duk mako yana bi ta ƙofar asibitinku.

Gwaggo, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ina ƙyamar ƙafar Malam. Kakana ne, mahaifinki ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Babana, shi ya ɗora ni a kan allo. Amma in na ga ƙafar nan sai in kawar da kai.

Kin san ya yi kwana goma sha shida a wurin da ake killace masu cutar nan. Tarin ya tafi, yana cin abinci kaɗan kaɗan. To tun da ya dawo ƙafarsa ta hagu take kumbura. Fatar ta miƙe tana sheƙi kamar an hura leda. Inna ta ce jini ne ya kwanta saboda doguwar jinya, tausa yake so. Ta soya man shanu da tafarnuwa da citta ta zuba a kwalba, ta ce tunda an rufe makaranta ba ni da aikin yi, ni zan riƙa yi masa safe da yamma. Man ya fara tsami. Warinsa ya kama mini hannu, ko na wanke da toka ina jin sa in na kai loma baki.

Saboda haka ba na yin tausar. Ina shafa man sama sama, in rufa zane a kai, in ɗora hannuna kawai, in riƙa motsa kafaɗa kamar ina dannawa. In Inna ta leƙo sai ta ce Allah ya yi mini albarka, ni kuwa in ji kamar in nutse. Malam bai taɓa tona ni ba. Sau ɗaya dai ya rufe littafinsa ya ce, “Uwargida, wannan tausa taki ko kyanwa ta fi ki nauyin hannu.” Ya yi dariya ya ci gaba da karatu. Ban sani ba ko ya gane.

Ba zan iya faɗa miki wannan a waya ba. Wayar Malam tana hannun Baffa, wai don ɗalibai su bar shi ya huta. In kin kira, Baffa yana tsaye a kanmu, kowa sai ya ce lafiya lau. An kuma hana mu faɗin sunan cutar ko a tsakar gida. Maƙwabta an ce musu zazzaɓi ne da hawan jini. Ranar da ya dawo ma sai da Baffa ya sa aka shigo da shi ta ƙofar baya, aka ba ni kayan da ya zo da su na ƙone a bayan gida.

Gwaggo, zunubi nake yi? Ke kina taɓa marasa lafiya kullum. Yaya kike yi ba ki jin ƙyama?

Taki,
Ibtisam

*

Lakwaja
6 ga Yuni, 2020

Ɗiyata Ibtisam,

Wa alaikis salam. Na ga takardarki, na ji daɗi da hannunki ya yi kyau haka. Ina lafiya, sai gajiya. Yanzu na fito daga ɗakin masu korona, tun asuba nake ciki da rigar leda, kuma Dogara yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, don haka ba zan tsawaita ba.

Na kira Yaya Kabir, ya ce ƙafafun Malam ne suka ɗan tasa, ba wani abu ba. Tsoho in ya daɗe a kwance ƙafafunsa sukan yi haka. A riƙa ɗora su a kan matashi, ya riƙa ɗan takawa a tsakar gida.

Ke kuma, maganar ƙyama, ba zan ɓoye miki ba, raina bai yi daɗi ba. Mutumin da ya wanke miki kashi kina jaririya shi kike wa wasan kafaɗa? Kina tsammani mu ba mu jin wari? Muna ji, muna haɗiyewa, mu yi aikin. Jin ƙyama ba zunubi ba ne, amma yaudarar Inna ba kyau. Abin da aka sa ki, ki yi shi da gaskiya, ki nemi lada. Kin girma, bana za ki shiga sakandare in Allah ya buɗe makarantu.

Ki gaishe da Inna, ki ce wa Malam ina neman addu'a.

Gwaggonki,
Zakiyya

*

Ƙofar Jatau
12 ga Yuni, 2020

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan gajiya ta sauka. Mutanen gida suna lafiya. Malam ne dai ban san abin da zan ce ba.

Na yi kuka da na karanta takardarki, na kuma yi abin da kika ce. Tun ranar Litinin nake yin tausar da ƙarfina, daga dunduniya har bayan gwiwa. Sai da na danna sosai na san yadda ƙafar take. Zafi gare ta kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ɗayar kuwa sanyi ƙalau, siririya kamar da. Sha-raɓar ta yi tauri, akwai wani abu a ciki kamar igiya. In na bi ta kansa sai Malam ya cusa bakin rawaninsa a baki ya cije. Bai ce in bari ba. Inna ta ce zafin alama ce jinin ya fara motsi.

Ranar Laraba bayan la'asar ina cikin yi sai ya dafe ƙirjinsa. Ya riƙa numfashi kamar wanda ya hau dutsen Kufena da gudu, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi tari sau uku, na ga ɗan ja a tsumman da ya tofa. Bayan wani lokaci ya lafa. Na ce wa Inna ko za a koma asibiti, a hankali na faɗa, amma Baffa ya ji. Ya ce asibitin da za su sake kulle shi su sa unguwa ta ƙaurace mana? Ya ce yara ba sa sa baki a maganar manya. Ya aika aka kira Bahago wanzami.

Jiya ya zo da zabirarsa. Gwaggo, ban taɓa ganin abin ƙyama kamar wannan ba. Ya kafa ƙaho shida a ƙafar, ya tsattsaga da aska, ya sa baki ya tsotsa, ya toshe da kakin zuma. Ni aka ba sakaina in riƙe. In ya cire ƙaho sai ya karkaɗe shi a ciki, jini ya faɗo guda guda, baƙi, yana rawa kamar hanta. Ya ɗago wani da bakin aska ya nuna wa Inna, ya ce, “Hajiya Mero, kin gani? Mataccen jini ke nan. Wannan ya fi jikarki shekaru.” Inna ta yi hamdala, Baffa ya ce ai likitoci ba su san wannan ba. Tsumma ɗaya yake goge askar da shi, da shi kuma yake goge bakinsa. Ƙudaje suka cika ɗakin. Da aka ce in je in binne, ban kai ramin ba na yi amai a gindin lemo.

Abin da ya fi ba ni ƙyama ba jinin ba ne. Bahago bai san daga inda Malam ya dawo ba. Yana aikin yana ba da labarin yadda ya daina zuwa wani gida a Kongo don an ce cutar ta shiga, wai ko ƙofar ba ya bi. Baffa yana zaune yana gyaɗa kai, yana cewa Allah ya tsare mu.

Yau ƙafar ta fi jiya girma, tsagar tana ruwa. Bahago ya ce saura, zai dawo Lahadi ta sama.

Akwai wani abu kuma da na ɓoye. A cikin kayan da aka ba ni in ƙone akwai wata farar leda mai hatimin wurin killacewar. Baffa ya ce ita ce ma ta farko da zan ƙona, kada baƙo ya gani. Na buɗe na ga ƙwayoyin magani da takarda. Turancin ya fi ƙarfina, amma a ƙasa wani ya rubuta da Hausa: na tsinka jini, kullum ɗaya, kada a fasa. Na kasa jefawa a wuta. Tana cikin tsohuwar jakata ta firamare. Malam bai sha ko ɗaya ba, bai ma san da ita ba.

Kada ki yi fushi da ni. Ina yin tausar kamar yadda kika ce.

Ibtisam

*

Lakwaja
15 ga Yuni, 2020

Ibtisam,

Ina lafiya, gaisuwa ta tsaya nan. Ki cire hannunki daga ƙafar nan. Kada ki sake dannawa ko da yatsa ɗaya, ko wa ya sa ki.

Da na gama karanta takardarki na ɗauko ta farko na sake dubawa. Kin rubuta ƙafarsa ta hagu. Baƙi a kan fari kin rubuta, ni kuma idona ya tsallake, na kama maganar ƙyama na yi miki wa'azi. Ni ma'aikaciyar jinya, na yarda da maganar Yaya Kabir na bar taki. Tun ɗazu nake jin haushin kaina. Ki yafe mini.

Ki saurara, zan faɗa yadda za ki gane. Korona ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Ga wanda ta kama sosai, takan ɓata bangon jijiyoyi ta sa jini ya riƙa daskarewa a inda bai kamata ba. Ga kuma kwanciya ba motsi. Sai guda ya toshe babbar jijiya a can cikin ƙafa, shi ya sa ɗaya take kumbura ta yi zafi ɗayar tana lafiya. Igiyar da kika ji, a nan abin yake. In aka danna, gudan yakan ɓalle ya bi jini ya tafi huhu. Abin da ya faru ranar Laraba ina jin ƙarami ne ya ɓalle, Allah ya taƙaita. Babba in ya tafi, mutum ba ya kai ƙofar ɗaki. A ɗakinmu na ga wanda tari ya sake shi, muna shirin sallamarsa, ya tashi zai yi alwala ya faɗi. Ƙwayoyin da kika ɓoye don hana wannan aka bayar.

Abin da Bahago ya karkaɗe miki a sakaina kuwa ba shi ne ciwon ba. Jinin kowa in ya zauna a ƙaho haka yake zama, har naki. Ƙaho ba ya kaiwa inda gudan yake, ciwo kawai ya ƙara masa.

Kada ki fara ba shi ƙwayoyin da kanki. Yanzu akwai tsaga a jikinsa, kuma abin ya wuce ƙwaya ɗaya a rana. Likita zai duba, a ɗauki hoton jijiyar. A tafi da ledar da takardar.

Na kira Yaya Kabir sau huɗu. Ya ce ni da nake Lakwaja na fi su ganin ƙafar? Ya tambayi wa yake kawo mini tsegumi, ban faɗa ba. Ya hana ni magana da Malam, wai yana barci. Hanya a rufe take, ba a barin motar fasinja, aiki ma ba za su sake ni ba. Mutum ɗaya ne Yaya ba ya iya musa wa, shi ne Malam. Na san in kika tsaya gaban manya muryarki ɓacewa take. Ba sai kin yi magana ba. Ki dai san yadda takardar nan za ta kai idonsa, ranar da ta iso.

Zakiyya

*

Ƙofar Jatau
3 ga Yuli, 2020

Gwaggo Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Malam yana da rai, ya dawo gida ranar Litinin. Na fara da wannan don na san shi kike nema. Na san Baffa ya gaya miki a waya wai an je duba hawan jini ne. Ga yadda aka yi.

Takardarki ta yi kwana biyar a hanya, motar Malam Dogara ta lalace. Kwanakin nan duk ina yin tausar, sai dai tun ranar da ya dafe ƙirji hannuna ya ƙi dannawa sosai, ina jin kunyarki ina jin tsoronsa. Ta iso ranar Asabar da hantsi, saura kwana ɗaya Bahago ya dawo. Na karanta a banɗaki. Da na zo wurin da kika ce gudan yakan ɓalle, na dubi hannuna na ji kamar ba nawa ba. Na wanke shi har ya yi ja.

Na shiga ɗakin Malam sau biyu da niyyar magana, sau biyu ina fitowa da kwanon da ban je ɗauka ba. Ana kiran azahar, da ya juya yin taimama, na sa takardarki a cikin littafin da yake karantawa, daidai inda ya sa alama. Na koma bakin ƙofa na zauna ina tsince shinkafa.

Ya karanta sau biyu. Sai ya ce, “Uwargida, ina ledar?” Na kawo. Ya juya ta ya dubi hatimin, ya sa a aljihu, ya ce in kira masa Kabiru. Baffa ya ce a bari rana ta faɗi a fita ta baya. Malam ya ce, “Ban yi sata ba. Ta zaure zan fita, yanzu.” Inna ta fara cewa ai Bahago gobe zai ƙarasa, ya dube ta kawai bai bi ta maganar ba. Mutum biyu suka ɗauke shi a kujera, mutanen da suka fito masallaci suna kallo.

An tafi da ni don riƙe buta. Likitar mace ce, Dakta Fauziyya. Da ta buɗe ƙafar ta ga tsagar tana ruwa sai da ta juya fuska, ashe su ma suna yi. Ta tambaya ko an ba shi maganin tsinka jini da aka sallame shi. Baffa ya ce ba a ba su komai ba. A gabana ya faɗa, Gwaggo, ko ƙifta ido bai yi ba. Malam ya zaro ledar ya ajiye a kan tebur. Ta tambayi wa yake yi masa tausa, Baffa ya nuna ni da baki. Na so ƙasa ta tsage. Malam ya ce, “Yarinyar nan kwana goma tana yi mini tausar ƙarya, ita ce ta fi mini amfani. Mu manya muka sa ta yi ta gaske.” Ashe ya sani tun farko.

Hoto ya nuna gudan tun daga sha-raɓa har cinya, kuma wani ɗan yanki ya riga ya je huhu, kamar yadda kika ce. Kwana tara ana yi masa allura a fatar ciki. Yanzu an ba shi ƙwayoyi na wata uku. Likita ta ja kunne sosai: muddin yana shan su, ko aski a yi a hankali, tsaga kuwa ko ɗaya, don jinin ba zai tsaya ba.

Ƙafar ta fara saɓewa. Ni nake wanke tsagar da ruwan gishiri, biyu sun yi mugunya. Ƙyamar ba ta tafi ba, ina riƙe numfashi ne in yi. Malam ya ce in ɗaura takunkumi, shi ma da zai iya da ya ɗaura don kada ya ji warin kansa.

Baffa ba ya amsa gaisuwata. Ya kankare sunan asibiti daga kwalin maganin da reza. Ga masu zuwa dubiya yana cewa sanyin ƙashi ne. Inna kuma jiya na ji tana gaya wa matar Baffa cewa ƙaho ne ya fara sassauta ƙafar, asibiti ya zo ya tarar da aiki ya yi nisa. Ta ce in Malam ya ɗan ƙara ƙarfi, ranar da yake barcin rana, a kira Bahago ya kafa biyu kacal ya cire ragowar. Ba mugunta take yi ba, na sani. Amma ta riga ta aika masa.

Na mayar da tabarmata bakin ƙofar Malam. Maganin yana jakata, ni nake ba shi bayan karin kumallo. Kuma kin san in an yi sallama a zaure da rana, ni ake aika in ga ko wane ne.

Na yi tunani. Ba zan iya yi wa Inna musu ba, ba zan iya kallon idon Baffa ba. Amma na tuna gidan nan na Kongo da Bahago ya daina bi ta ƙofarsa. In ya zo, zan gaishe shi da ladabi, in gaya masa daga inda Malam ya dawo, in faɗi sunan cutar yadda masu zama a dakali za su ji. Na san abin da Baffa zai yi mini bayan nan.

Na gwada a bayan gida, gindin lemon nan. Korona. Sau biyu muryata ba ta fita ba. Na uku ta fita.

Ɗiyarki,
Ibtisam